Amsa: me Bature ke nufi da "gracious"?

Malam, ka ce wani alhaji ɗan Ingila da ka ɗauka daga filin jirgin Jidda ya ce maka "gracious" bayan ka ƙi karɓar kuɗin ruwan da ka sayo masa, kana tambaya ko daidai take da "kind".

Suna kusa, amma akwai tazara. "Kind" kirki ne kawai. Ita kuwa "gracious" ta haɗa kirki da karamci da sakin fuska, musamman daga wanda yake da damar yin kyauta ko hanawa. Ka tuna yadda mutanen Madina ke shimfiɗa leda a Masallacin Annabi da azumi, yaro ya riƙo hannunka yana roƙonka ka zauna ka ci dabino, kamar kai ne kake masa alfarma. To wannan ita ce. Balarabe zai ce karim, mu mu ce mai karamci, ko mai mutunci.

Asalinta kalmar Latin ce, gratia, wato alheri ko ni'ima. Shi ya sa Abdullahi Yusuf Ali, a fassararsa ta Alƙur'ani da ta fara fitowa a 1934, ya sa "Most Gracious" a wurin Ar-Rahman. Ana kuma yabon wanda aka kayar a zaɓe da wannan kalma idan ya taya abokin takararsa murna ba tare da ƙunƙuni ba.

Kada dai ka haɗa ta da "graceful", wannan kyan tafiya ne da rangwaɗa. Na taɓa yabon wani dattijo da ita a ofis, har yau abokan aikina suna min tsiya.