Ƙananan Kifin Tafkin Nan Ba Za Su Girma Ba

Ɗana, ka ce mini, "Maigida, duk kifin da fatsata ke ɗagowa a tafkin gonar nan bai kai tafin hannu ba. In riƙa mayar da su ne har su girma?" A'a, kada ka mayar. Zauna ka ji dalili.

Kifin da kake kamawa shi ne wanda Amurkawa ke kira girin sanfish. Duba bakinsa, ya fi na ɗan'uwansa bulugil faɗi sosai. Ga shuɗayen zane a kumatu, ga baƙin ɗigo a bayan kunne, gefen fikafikansa kuma da ruwan ɗorawa. Asalinsa tsakiyar ƙasar nan ta Amurka ne, daga manyan tafkunan arewa har yankin kogin Misisifi. Dama can ba babban kifi ba ne. Ɗaya daga cikin mafiya girman da aka rubuta an kama shi a tafkin Stockton, nan jihar Misuri, a 1971, kuma kilo ɗaya ma bai cika ba.

Amma waɗannan naka ba ƙuruciya ce ta hana su girma ba, yunwa ce. Da yawansu sun tsufa a haka. Kifi ne mai jure wahala, ruwan laka da ruwa mai ƙarancin iska duk ba su dame shi ba, inda wasu ke mutuwa nan yake hayayyafa. Daga watan Mayu har cikin Agusta namijin zai share ɗan gurbi a wuri mara zurfi, macen ta zuba ƙwai, shi kuma ya tsaya gadi, ba ya barin kowa ya matso. Shi ya sa 'ya'yan ke tsira da yawa. In babu babban kifi mai cin su, kamar bas mai faɗin baki, sai su cika tafkin, abinci ya gaza, kowa ya tsumbure. Ka san yadda karfasa ke yi a kududdufin kiwo a gida in an bar maza da mata tare? To haka nan. Kuma da wannan bakin nasa yana cinye ƙwai da 'ya'yan kifin da mai gonar ya kashe kuɗi ya zuba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Har akwai jihohi irin su Niyu Jasi da doka ta hana a mayar da shi ruwa in an kama.

Yanzu batun kamun. Daina wurga fatsa tsakiyar ruwa, ba can yake ba. Yana maƙale a gefe, cikin duwatsun bakin madatsa, ƙarƙashin rassan da suka faɗa ruwa, ko cikin ciyawa. Sauke koton daidai bakin ramin dutse, zurfin bai wuce kamu biyu ba. Ƙugiya ƙarama, zare siriri. Wajen koto, tana ta fi komai, amma gutsure kaɗan za ka sa, iya abin da zai rufe bakin ƙugiya, in ka sa doguwa sai ya fizge wutsiyar ya bar ka. Gyare da fara ma yana cin su. Ba ya wasa da koto, da ƙarfi yake cafka, saboda haka da ka ji ya ja, ɗaga nan take kafin ya haɗiye ƙugiyar ko ya shige rami ya tsinke maka zare. Sassafe da la'asar sakaliya sun fi kawo manya.

In za ka cire shi, shafo hannunka daga kai zuwa baya ka kwantar da ƙayoyin gadon bayansa, suna suka. Takardar izinin kamun kifi ta jiha ta kasance a aljihunka duk inda doka ta nema, kuma kada ka taɓa ɗaukar ko guda ɗaya mai rai ka kai wani tafki. Waɗanda ke cikin bokitinka, kankare ɓawonsu ka fasa ciki ka soya su gaba ɗaya, namansu fari ne mai daɗi. Gobe da asuba mu fara daga duwatsun gabas, ka taho da bokiti biyu.