Tambaya da Amsa: Na wanke bindigata na haɗa, amma ta yi tauri

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba, da fatan an wuni lahiya. Ni ma'aikacin tsaro ne a nan Tawa, ƙaramar bindigar da ke hannuna Beretta 92 ce. Da muka dawo daga daji na kwance ta na wanke ta sosai saboda ƙura, na maida komai, amma yanzu in na ja saman baya, wato ƙarfen nan na sama da ke zamewa gaba da baya, sai in ji ya yi tauri ba kamar da ba. Mi na ɓata? Kuma yaya zan tabbatar tana aiki ba tare da na yi harbi ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, sannu da aiki, Allah ya tsare ku. Kafin mu je ga taurin nan dan Allah ka fara da abin da na san an koya maka amma mutane ke mantawa in sun gaji: ka cire gidan harsashi, ka ja saman baya, ka duba cikin ɗakin harsashi da ido sannan ka taɓa da yatsa, harsasan kuma ka kai su wani ɗaki daban gaba ɗaya. Cire gidan harsashi kaɗai bai isa ba, guda ɗaya na iya zama a ciki, kuma wallahi wannan gudan ne ke jawo kukan da muke ji, mutum ya ce ai na ɗauka babu komai.

To taurin. A irin taka abin da ya fi yawa shi ne sandar da sifirin ke zagaye ba ta zauna daidai ba, akwai wani ɗan gurbi a ƙarƙashin bututu inda kanta ya kamata ya kwanta, in ta karkace ko kaɗan ne za ka ji saman na gurzawa. Sake kwancewa ka duba, kuma ka tabbata ɗan ƙarfen gefe da ake juyawa a kwance bindigar ya koma sama har ya zauna. Kar ka buga, kar ka matsa da ƙarfi, abin da aka haɗa daidai da kansa yake shiga.

Na biyu mai. Nan ne nake yawan faɗa da yaranmu, sai ka ga mutum ya tuttula mai kamar yana suyar ƙosai yana ganin gata ya yi mata, alhali a ƙasa irin Adar da iskar hunturu ke ɗauko rairayi tun daga Nuwamba har Fabrairu, man nan da ƙura haɗuwa suke su zama kamar taɓo, su cinye ƙarfe a hankali. Ɗigo kaɗan a kan layukan da saman ke gudu a kai, ɗan shafi a jikin bututu, ka goge sauran da tsumma mai tsabta. Cikin bututu ya zama a bushe kuma ka leƙa ka ga babu guntun tsumma da ya maƙale. Ramin allurar da ke bugun harsashi kar mai ya shiga. Man inji da ya ƙone ko man gyaɗa kuwa kar ma ka soma.

Gwaji kuma da bindiga babu harsashi ake yi, bakinta na kallon inda babu mutum, ko a bayan bango ma babu kowa. Ja saman sau uku ko huɗu ka ji yana tafiya sumul. Sa makullin tsaro ka ja kunama, bai kamata komai ya faru ba. Cire makullin ka ja, hamar, wato ɗan ƙarfen baya da ke bugun allura, ta buga. Riƙe kunamar a baya ka ja saman ka saki, sannan ka sassauta yatsa a hankali za ka ji ƙas, ka sake ja ta buga. Ɗana hamar ka danna makullin tsaro ƙasa, ya kamata ta kwanta da kanta. Daga ƙarshe sa gidan harsashi marar komai ka ja saman, ya tsaya a baya, ka danna maɓalli gidan ya faɗo.

In ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙi, ko taurin bai tafi ba, kar ka ɗauke ta zuwa aiki kuma kar ka ji kunyar shef ɗinka, kai ta wurin mai kula da makamai na barikinku. Su allura da ƙananan sifirin na kunama aikinsa ne, yana da kayan kwance su. In an samu dama ka roƙi a ba ka ranar filin harbi ka gwada ta da 'yan harsasai kafin fita ta gaba.