Amsa: Tun yaushe ake zana Yesu cikin azaba a kan gicciye?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tun farkon ikilisiya ake nuna Yesu jina-jina a kan gicciye kamar yadda ka gani a cocin Katolika. Ba haka aka fara ba. Na daɗe ina koyar da tarihin ikilisiya ga masu shirin baftisma, kuma abin da ya fi ba su mamaki shi ne kusan shekara 400 Kiristoci suna kauce wa zana gicciyewar. A lokacin Romawa suna gicciye bayi da 'yan tawaye a bakin hanya, kowa ya san wulakancin da idonsa, shi ya sa a kaburburan ƙarƙashin ƙasa na birnin Roma zanen makiyayi da kifi, alamun Almasihu, ne suka fi yawa.

Bayan Konstantin, sarkin Roma, ya hana wannan hukunci, sai aka fara sassaƙa gicciyewar, kamar a ƙofar cocin Santa Sabina da ke Roma wajen shekara ta 430, amma Yesu yana tsaye a miƙe, babu alamar zafi a jikinsa. Gicciyen Gero na birnin Kolon a Jamus, wajen 970, yana cikin na farko da suka nuna shi matacce, kansa a sunkuye. Daga ƙarni na 13 mabiyan Faransis na Asisi, wani waliyyin Katolika ɗan Italiya, suka ƙarfafa wannan salo, domin wa'azinsu a kan tausaya wa Almasihu ya ginu.

A ganina, wajen nuna azabar babu wanda ya kai Grünewald, mai zane ɗan Jamus, wanda ya zana allon bagaden Isenheim, wani gari da ke Faransa a yau, tsakanin 1512 da 1516. Jikin duk miki ne, yatsun sun ƙandare, fatar ta koma kore-kore. Wasu ɗalibaina kan kawar da kai idan na nuna musu hoton, har sai na gaya musu cewa don wani asibitin sufaye aka yi shi, inda ake jinyar masu wata cuta da gurɓataccen hatsi yake jawowa, mai ruɓar da hannu da ƙafa. Majinyacin da aka kawo gaban bagaden yana ganin Ubangijinsa da irin gyambon da yake jikinsa.

Gicciye marar siffa da muka saba gani a yawancin majami'unmu na Furotesta kuwa, gadon gyaran ikilisiya ne na ƙarni na 16, lokacin da mabiyan Kalbin da Zwingli, jagororin gyaran a Switzerland, suka fitar da siffofi daga ɗakin sujada, alhali mabiyan Luther, jagoran gyaran a Jamus, sun bar nasu.