Filin Masu Karatu: Na ga tsohuwar jitar jaz ta Kwatano, in saya ko in bari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya kai da iyali. Ni ɗalibi na, nan Mabera cikin Sakkwato nike zaune, na ɗan daɗe ina taɓa jita irin wadda ba ta son wuta, yawanci kiɗin mutanen Agadas nika bi, to amma kwanan nan kiɗin jaz ya shiga raina sosai. Wani mai kawo kayan Kwatano ya gwada min wata jita ta lantarki, ja, mai faɗi amma ba ta da kauri, da rami biyu dogaye gefe da gefe, an rubuta Aria Pro II ga kanta kuma akwai shaidar Japan anka yi ta. Ya ce naira dubu 250. Ni dai Gibson da Fender kaɗai nis sani, abokaina sun ce jabu ta, wai in haƙura in tara kuɗi in sayi mai suna. Malam mi kag gani? Kuma in na saye ta yaya zan yi ta ba ni wanga sanyin sauti na jaz? Na gode.
Ɗalibinka daga Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka. Ka gaida min abokan nan naka, ka ce musu na ce ba su san jita ba, sunan da ke kanta kawai suka iya karantawa.

Aria ba jabu ba ce. Kamfani ne na Japan da Shiro Arai ya kafa a birnin Nagoya tun 1956, sunan Aria Pro II kuma ya fito ne a tsakiyar shekarun 1970. Idan har da gaske taka ta Japan ce to akwai yiwuwar masana'antar Matsumoku ce ta ƙera ta, wadda a da aikinta ƙera akwatin keken ɗinki na Singer ne kafin ta koma jita, kuma ita ce ma ta riƙa yi wa kamfanin Epiphone jita a wancan lokacin har aka rufe ta a 1987, aikin ya koma Koriya. Masu tara tsofaffin jita yanzu neman na Matsumoku suke ido rufe. Don haka rashin jin sunanta a gari ba aibi ba ne, sau da yawa ma shi ke sa a samu abu mai kyau da sauƙin kuɗi, don wanda ya sayi Gibson wani kaso na kuɗinsa rubutun kai ya saya.

Irin wannan ƙirar kuwa Gibson ne suka fara ta a 1958 da ES-335. Kafin nan jitar jaz akwati ce mai zurfi wadda cikinta babu komai sai iska, irin ES-175 ta 1949, sautinta daɗi amma da ka ƙara murya a amfilifaya sai ta kama kuka, wani ƙugi ya tashi ya cika ɗaki. Sai suka rage kaurin suka ratsa guntun katako mai ƙarfi ta tsakiya tun daga gindin wuya har ƙasa, gefe biyu suka zama rami, tsakiya kuma tushe. Abin da za ka fara dubawa ke nan. Ka tafi da tocila ka haska cikin ramin gefen, in ka ga bangon katako ya tare tsakiya to ita ce, in kuma ka hango har ɗaya gefen to fanko ce gaba ɗaya, ba wai ba ta da kyau ba amma za ta fi yi maka kuka. Ka juya bayanta kuma, wasu masu arha na wancan zamani da faranti da kusoshi huɗu aka ɗaure wuyansu, masu daraja kuwa manne wuyan aka yi. In mai kusoshi ce kada ka biya kuɗin mai manne.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, don duk cinikin nan a kan wuya yake. Fenti ya goge, ba komai. Maɓalli ya ɓace, a saya. Wuya in ya lalace jitar ta zama kayan ado. Ka ɗaga ta ka sa ido daga kai ka leƙa tsawon wuyan zuwa jiki, ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, amma in ka ga ya murɗe, gefe ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, ka ajiye masa abarsa ka yi sallama ko da ya rage rabi. Sannan ka danne tsirkiya mai kauri a ƙarfen farko da na ƙarshe cikin ƙananan ƙarafan nan da aka jera a kan wuya, lokaci ɗaya, ka dubi tsakiya wajen ƙarfe na 7 ko na 8, tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe kada ta wuce kaurin katin waya. In ta yi yawa akwai sandar ƙarfe a cikin wuya da ake ɗaurewa da alanki, murfinta na nan a kai da ƙananan kusoshi, ka ce ya buɗe a gabanka a gwada murɗa ta kaɗan a ga tana motsi. In ta ƙi ko kuma tana juyawa haka kawai ba ta kama komai, magana ta ƙare. A ƙarfe na 12 tsayin tsirkiya ya kamata ya zo wajen milimita 2. Ka bi kowace tsirkiya ƙarfe bayan ƙarfe har ƙasa kana saurare ko akwai inda take zuzu ko ta mutu, kada kunya ta kama ka don mai kaya na tsaye yana duba agogo, kuɗinka ne.

Ka shafa bayan kai kuma daidai inda ya haɗu da wuya, nan ne irin waɗannan suka fi karyewa saboda kan ya kwanta baya kuma katakon wurin siriri ne. In ka ji tabo ko ka ga fenti ya bambanta to an taɓa ɗora shi. Ɗori mai kyau yana riƙewa shekaru, sai dai dole kuɗi ya sauka sosai.

Kada ka yarda da "wallahi tana yi" ba tare da an jona ta ba. Ku je inda akwai amfilifaya, ko wurin masu hayar kayan sauti na biki, a gwada fikof, wato abin da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗauko sautinta, na wajen wuya shi kaɗai, na ƙasa shi kaɗai, sannan duka biyu, a murɗa maɓallan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar ƙas-ƙas yawanci ƙura ce, ana fesa maganin wanke maɓalli ta wuce. Amma ka sani gyaran wayoyin irin wannan jita akwai wahala don ba ta da murfi a baya, komai ta ramin gefen nan ake zaro shi a mayar da zare, mai gyaran rediyon da bai taɓa yi ba zai iya ce maka bari a ɗan huda baya. Kada ka bari. Haka shi ma kafinta, komai gwanintarsa a ƙofa da gado kada ya matso kusa da ita da sufa gulu.

Kan kuɗi ba zan yanke maka ba tunda ban riƙe ta ba, kuma kasuwa kullum canjawa take. Abin da zan ce, ka lissafa sabbin tsirkiyoyi da gyara da akwati ka cire daga abin da ya faɗa, daga nan ka fara tayi. In babu akwati mai tauri ka nemi ragi a kansa don za ka buƙace shi fiye da yadda kake zato.

Dalili kuwa garinmu. Jitar nan ta fito daga ƙasa mai laima ta biyo ta bakin teku, yanzu za ta shigo hunturun Sakkwato inda leɓe ma tsagewa yake. Katakon jita ya fi son laimar iska ta kusan kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba zuwa Maris abin yana faɗuwa ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Jikinta bai cika tsagewa ba tunda katako ne mai hawa-hawa da aka manne, amma allon wuya zai tsuke har ka ji bakin ƙarafuna na yankar hannu, farin layin gefe ya fara fashewa, wuya ya motsa. Maganin mai sauƙi ne, ka samu kwanon sabulu na roba ka huhhuda shi, ka jiƙa soso ka matse sosai ka sa ciki, ka ajiye a akwatin kusa da kai ba tare da ya taɓa jitar ba, kana duba shi lokaci-lokaci. Da damina ta sauka ka cire. Da bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada ka bar ta cikin but ɗin mota ko jingine da bangon da rana ke duka, zafi na sassauta manne. Ka goge tsirkiya da tsumma duk ka gama, gumi da ƙura su ke cinye su, kuma don Allah ban da shafa mata man gyaɗa.

Sai zancen sauti. Ka cire siraran tsirkiyoyin da ta zo da su ka sa masu sumul waɗanda ake ce wa filatwaun, masu kauri lamba 11 ko 12, in ba ka samu nan ba sai ka yi saƙo Kano ko Alaba a Legas. Sun fi nauyi, za su ja wuya, don haka bayan kwana biyu ka sake auna tazarar nan, in za ka ɗaure sandar ciki kada ka wuce kwata na juyi a lokaci guda, kuma jakin da tsirkiya ke hawa ma sai an sake daidaita shi. Ka tsaya kan fikof na wuya, ka rage maɓallin kaifin sauti zuwa rabi, amfilifaya kuma a bar shi fes ba gurnani. Kada ka rage kaifin har ƙasa kamar yadda sababbi ke yi, sautin zai zama laka ba a jin me kake bugawa. Ka gwada bugu da naman babban yatsa, shahararren mai jitar jaz Wes Montgomery da shi ya yi suna. Tunda ka saba da kiɗin Agadas hannunka ya riga ya san ma'aunin sauti biyar, shi ne dai na kiɗin bulus na Amurka, kuma daga bulus zuwa jaz ba nisa, abin da ya rage maka haɗin sauti huɗu da ake bugawa tare, da jerin haɗin sautin da ake kira biyu-biyar-ɗaya, ka koye shi a kowane ki, wato matakin sautin da ake ɗora kiɗi a kai, kafin ka fara neman gudu.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa maka, in mutumin nan ya ce zai haɗa maka da amfilifaya na Kwatano ka karanta bayansa kafin ka jona. Wutarmu 230 ce, na Amurka 120, na Japan 100, in na can ne kuma ba ka sa taransifoma mai rage wuta ba hayaƙi za ka gani nan take. In kuma kana bugawa da janareto ka ji tsirkiyoyin jitar na ɗan tsikarin hannunka, ka kashe, ka kira mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa kafin ka sake taɓa ta.