Ciniki na gudu, buhuna na raguwa: in ci bashi?

Wani matashi mai sayar da hatsi ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a Unguwar Rogo a nan Jos, ina sayar da wake, shinkafa da masara, a kasuwar Katako nake sarowa. Shekara biyu da suka wuce nakan jera buhu 12 a shago, yanzu da ƙyar nake haɗa 7, alhali masu saye ba su ragu ba. Abokina ya ce in ci bashin naira 500,000 in ƙara jari. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a nema. Amsata a taƙaice ita ce kada ka ci bashin nan tukuna. Tulun da ke yoyo ba ƙarin ruwa yake bukata ba, sai an fara gano inda ya tsage. Buhu biyar ɗin nan ba ɓarawo ne ya ɗauke su da dare ba, da rana tsaka suka fita ta bakin mudu, kana kallo kana murna da ciniki.

Ɗauko biro mu yi lissafi da wake. A ce ka saro buhu a kan naira 80,000, kana sa ran mudu 80 a ciki, kana sayar da mudu 1,150. A ranka ka ci ribar 12,000. To amma daga Katako zuwa shago akwai ɗan dako da mai keke, a ce 1,500, ga leda ta 500. Sannan ka buɗe buhun: ga tsakuwa, ga ƙaiƙayi, ga wanda ƙwari suka huda, ga tozon da kake ɗora wa mudu, ga kuma gyaran da Hajiya ba ta tafiya sai ta karɓa. Hannu ɗaya na gyara ba ya kama ido, amma hannu ashirin ya kusa mudu. In ka auna da gaskiya, wataƙila mudu 77 ka sayar, wato naira 88,550. Cire kuɗin saro da na dako da leda, saura 6,550. Kusan rabin ribar da kake zato ta tafi tun ba a je ko'ina ba.

Babban ramin yana gaba. Ranar da ka koma Katako sai ka tarar buhun ya koma 86,000. Wannan 6,550 da kake kira riba, 6,000 daga ciki na sabon buhu ne, naka 550 kacal. Amma kai ka riga ka yi cefane da ita, ka biya kuɗin makarantar yaro, ka ba da gudunmawar biki. Jarinka ka ci, kana tsammanin riba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, darajar naira kuma ta faɗi, wannan ciwo ne ya kwantar da ƙananan 'yan kasuwa da yawa. Kuɗin da ke hannunsu a takarda yana ƙaruwa, kayan da ke shagonsu yana raguwa.

Saboda haka daga yau ka riƙa sa farashi bisa abin da za ka sake saro kayan, ba bisa abin da ka saro jiya ba. Kira ɗaya ne kowace safiya zuwa ga dillalinka: nawa buhu ya kwana? Kuma ka daina ƙidaya jarinka da naira, ka ƙidaya shi da buhu. Wasu na ganin ƙara kuɗi a kan tsohon kaya zalunci ne. Ni ban ga haka ba, muddin ba ɓoye kaya ka yi don ya yi tsada ba, kuma muddin ranar da farashi ya faɗo, kamar yadda yake yi da kaka, kai ma za ka sauke ba tare da jan ƙafa ba. A lokacin ma gara ka sallami tsohon kaya da wuri, ko da ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Sai bashin unguwa. Ba ka ambace shi ba, amma mai shago a cikin unguwa da ba ya ba da bashi ban taɓa ganinsa ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai mudun da ka bayar a 1,150 aka biya ka bayan wata biyu ba zai iya sayo maka mudu ba. Ka yanke iyaka, misali duk bashin da ke waje kada ya wuce kuɗin buhu ɗaya, kuma wanda bai biya na baya ba, ba ya ɗaukar sabo. In kunya ta hana ka faɗa, ɗora wa littafi laifin: "Baba, littafi ya cika, sai an rage." Ka riƙa ɗaukar hoton shafukan da wayarka duk Juma'a. Mu a Jos da muka ga yadda gobara ta cinye babbar kasuwar Taminus a 2002 mun san takarda ba ta da tabbas.

Ka yanka wa kanka albashi, kullum abu kaza, komai ƙanƙantarsa, cefane ya fito daga nan. Ka buɗe asusu daban na shago, kuɗin da ake turo maka duk su shiga can, kada ya haɗu da na gida. Kuma kada kaya ya bar shago sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka, ba a wayar mai saye ba, don alat na bogi ya yi yawa.

Game da bashin kansa, ka yi nesa da manhajojin waya masu ba da kuɗi cikin minti biyar. Ruwansu a wata ake lissafa shi, ribar hatsi ba ta kai ta ɗauke shi ba, ga tozarci in ka makara. In lokaci ya yi, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. A tsarin murabaha su ne za su sayi kayan su sayar maka da ribar da kuka sani tun farko. Sai dai su ma za su so ganin yadda kuɗi ke shiga da fita a asusunka, kuma rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, takan sauƙaƙa maganar. Kafin nan, adashi da mutanen da ka yarda da su ya fi maka kwanciyar hankali.

Gobe da safe ka zazzage buhu ɗaya a tabarma, ka auna shi mudu-mudu kamar yadda kake auna wa mai saye, da tozonsa da gyaransa, ka rubuta abin da ya fito. Ka yi wata guda kana rubuta saro, sayarwa, bashi da abin da ka ɗauka. In wata ya cika ka turo mini lissafin, mu duba ko 500,000 kake bukata ko kuwa 150 za ka ƙara a kan mudu.