Amsa ga mai tambaya kan kyamarar babban fim: RB67, Yashica ko Hasselblad?

Assalamu alaikum. Ƙanina, na ga tambayarka tun jiya da dare, na bari sai da na natsu. Ka ce kana ɗaukar hoton biki da kyamarar zamani a nan Bauchi, yanzu kuma sha'awar babban fim ta kama ka, kana son sanin wacce za ka saya tsakanin Mamiya RB67, Yashica Mat-124G da Hasselblad. Biyu daga cikinsu na ci abinci da su shekaru da dama, ta ukun kuwa sau ɗaya na taɓa riƙe ta, a hannun wani Bature da muka haɗu da shi a Yankari.

Da farko ka san abin da kake saye. Dukkansu fim ɗaya suke ci, wanda ake kira 120. Kamfanin Kodak ne ya fito da shi tun 1901, faɗinsa kusan santimita 6, a naɗe cikin takarda, ba cikin gwangwani ba. Naɗi ɗaya yana ba ka hoto 12 a kyamara mai 6x6, hoto 10 a mai 6x7. Shi ke nan. Kai da ka saba danna ɗari biyar kafin a gama kamu, wannan lissafin zai fara gyara maka zama. Amma nagetib ɗin 6x7 ya ninka na ƙaramin fim mai milimita 35 fiye da sau huɗu, shi ya sa idan aka wanke hoton babba za ka iya ƙirga zaren aikin da ke wuyan babbar riga.

RB67 ita na fara sani, a situdiyon maigidana can wajen Wunti. Japan ce ta ƙera ta, ta fito a 1970, kuma ba ta san batir ba, komai nata ƙarfe ne da sifirin. Gabanta yana fita yana komawa kamar zugazugin maƙera, da shi ake saita hoto, har fuska kusa-kusa tana ɗauka ba tare da ƙarin gilashi ba. Bayanta kuma juyawa yake yi, in kana son hoton tsaye sai ka murɗa bayan kawai, kyamarar tana zaune a kan ƙafafunta. Nauyinta ya haura kilo biyu da rabi. Ranar da na ce zan bi hawan sallah da ita a wuya, tun kafin dawakai su iso ƙofar fada kafaɗata ta mutu, na koma gindin bango ina kallo kamar kowa.

Akwai wata ɗabi'a tata da ta taɓa kunyata ni. Ɗana shata, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga, daban, tura fim daban, hannu biyu ne. Tamu irin ta farko ce, ba ta da abin da zai hana ka ɗauka sau biyu a gurbi ɗaya. Wani ɗaurin aure a Yalwa na ɗauki ango da abokansa, na ɗana, na manta ban tura fim ba, na ɗauki waliyyin amarya. Da aka wanke sai ga rawanin dattijo zaune a ƙirjin ango. Maigida bai ce min komai ba, liƙa hoton kawai ya yi a ƙofar ɗakin duhu, ya yi wata guda a wurin. In za ka sayi RB, nemi Pro-S, wadda ta fito a 1974, ita an sa mata makulli saboda irinmu.

Hasselblad ba zan ɓata maka lokaci a kanta ba. 'Yar Suwidin ce, gilashinta na Carl Zeiss, kuma 'yan gidansu ne aka je duniyar wata da su a 1969. Kyakkyawa ce ta gaske. Sai dai kuɗin samfurinta 500C/M ɗaya zai saya maka Yashica da fim na dogon lokaci, kuma in ka yi kuskuren cusa mata gilashi ba a ɗane ba za ta cije, sai ka nemo mai gyaran da ya san cikinta. Ni ban san shi a garin nan ba.

Ni dai da za ka bi ta tawa, Yashica Mat-124G za ka fara da ita. An yi ta daga 1970 zuwa 1986, don haka tana da yawa a kasuwar tsofaffin kaya kuma ba ta tsufa tukuf ba. Ido biyu gare ta, na sama na kallo, na ƙasa na ɗauka, gilashi mai milimita 80 da ba a cirewa, nauyi kilo ɗaya da ɗan wani abu. Kwaikwayon Rolleiflex ta Jamus ce, kuma ta kwaikwaya da kyau. Abin da ya sa nake son ta a garinmu shi ne yadda ake riƙe ta: a saitin cikinka take, kanka a sunkuye kana leƙa ta sama. Mutanenmu, musamman iyaye mata da dattawa, da ka ɗaga kyamara ka saita musu ido sai fuska ta ɗaure. Da wannan kuwa kamar gaisuwa kake yi, ana hira, shatar ta yi ɗan ƙyas, ba wanda ya ji. Abu ɗaya zai ruɗa ka a makon farko: hagu da dama a juye suke a gilashin kallo, mutum ya yi gabas ka bi shi yamma. Mitar haskenta kuma kada ka dogara da ita, batirin da aka yi ta dominsa an daina yin sa. Sa manhajar auna haske a wayarka.

Duk wadda za ka saya, kada ka biya sai ka buɗe bayanta ka haska tocila ta cikin gilashi. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, damina ce ta yi aikinta a cikin akwati. Sa shata a daƙiƙa ɗaya ka saurara, in tana jan ƙafa ko ta maƙale, man ciki ya daskare. Shafa soson da ke gefen murfi, in ya manne maka a yatsa kamar kwalta to haske zai shiga, amma wannan gyaran gida ne. A RB ka miƙe zugazugin ka sa fitila ciki a ɗaki mai duhu, ko hudar allura ce za ta nuna kanta.

Sai babbar maganar, wadda ba ka tambaya ba: ina za ka samu fim, wa zai wanke maka? Ni sautu nake bayarwa, Ilford HP5 na baƙi da fari, wani lokaci Kodak Gold 200 da suka fito da shi a 120 a 2022. Ka roƙi mai kawowa ya nemi a duba da hannu a filin jirgi, sabbin na'urorin bincike suna lalata fim. In ya iso, firij, cikin roba mai murfi. Ka fito da shi awa biyu kafin aiki don kada ya yi gumi. In ka gama naɗi, ka cire shi a inuwa, ka matse sosai kafin ka liƙe takardar, in ya yi sako-sako gefunan duk za su ƙone.

Baƙi da fari ni nake wanke abina, da tanki da jakar duhu. Maganin yana son ruwa mai awon zafi 20, ruwan famfonmu a watan Afrilu kuwa kamar na shayi, don haka daga randa nake ɗiba in jefa ƙanƙara har ma'auni ya sauka. Da hunturu ba na shanya nagetib a fili, ƙura ɗaya ta hau shi yana jiƙe ta zauna har abada. Banɗaki nake yayyafa wa ruwa, in rataye, in rufe ƙofa, in gargaɗi yara. Mai kala kuwa aikawa nake yi, don awonsa 38 ne kuma ba ya yafe kuskure.

In kana gari ranar Asabar bayan la'asar, turo min saƙo ka zo ka riƙa tawa ka ji. Akwai naɗi biyu a firij, sai ka ɓata ɗaya.