Amsoshin Tambayoyinku: Allon Hotuna Da Na'urar Ji Ta Bakin Titi

Tambaya: Ɗana mai shekara 6 ba ya magana, kuma aji ɗaya yake da sauran yara. An ce in saya masa iPad mai magana a madadinsa. In sayar da ɗan kunnena? Ina tsoron ya daina ƙoƙarin magana. Wata uwa, Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ki ajiye zinarinki. Yaron da ya samu hanyar cewa "ruwa" ko "bayi" ba ya rasa baki saboda haka, kukan takaici ne ke raguwa. Fara da allon hotuna: kofinsa, takalminsa, malamarsa, abokansa biyu, a manna a kwali a rufe da leda. Ki roƙi malama ta nuna wa 'yan ajin yadda za su amsa masa da shi, musamman in an tashi tara, don a nan ake ƙulla abota. In ya saba, akwai manhajar Cboard, wadda ke furta sunan hoton da yaro ya taɓa, kyauta ce a wayar Android.

Tambaya: In bar wa ɗana waya ya wuni kallon katun, zai koyi magana?

Amsa: Haba malam. Katun zai tsaya ya saurari amsarsa? Ka zauna ka yi hira da shi.

Tambaya: 'Yata ba ta ji sosai. Na ga na'urar ji da araha a kasuwa, in saya? Wani uba, Kano.

Amsa: Don Allah kada ka saya. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yawancin abin da ake tallatawa a tire amsa-kuwwa ce kawai, muryar malama da ƙarar janareto da hon ɗin adaidaita duk tare take ɗaga su. Yarinya ta firgita ta cire, a ce ta cika taurin kai, ɗan jin da ya rage mata ma yana iya lalacewa.

Na'urar ji ta gaskiya sai an auna kunne, a saita ta daidai da sakamakon, a yi mata mazauni gwargwadon kunnen yarinyar, wanda za a riƙa sauyawa tana girma. Ka sa kuɗin batir a lissafi tun yanzu. Ka kai ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kafin nan a zaunar da ita a bencin gaba, malama ta riƙa fuskantarta in tana magana, ku kuma a gida ku fara koyon maganar hannu.